Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Tsara Katangar Tsaro Tsakanin Shafin Intanet Da Rumbun Bayanai

A cikin shekarar 2022 masu binciken tsaron intanet na Website Planet suka ba da rahoton cewa sun tarar da ma'ajiyoyi 11 na takardun hukumar asusun taimakekeniyar lafiya ta Jihar Filato, wato PLASCHEMA, mai hedikwata a Jos, a buɗe a kan intanet ba tare da kalmar sirri ba. Bisa ga rahoton, ma'ajiyoyin suna ɗauke da fayil fiye da 75,000 da suka shafi mutane fiye da 37,000, ciki har da hotuna da katunan shaida da takardun haihuwa. Abin lura a nan shi ne, babu kullen da ake buƙatar fasawa. Duk wanda ya san adireshin wurin zai iya shiga ya karanta.

Wannan al'amari ya shafi hukumar gwamnati ne, amma darasin da ke cikinsa na kowane ɗan kasuwa ne. Tun daga ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, masu otal da masu makarantu da asibitoci masu zaman kansu da dillalan kayan gwari sun ƙara dogara ga intanet wajen karɓar oda da biyan kuɗi. Da yawa daga cikinsu sun biya an yi musu shafi, sun ga yana aiki, sun gamsu, ba tare da sun tambayi inda aka ajiye sunayen abokan cinikinsu da lissafin bashinsu ba. Manufar wannan darasi ita ce mai dukiya ya fahimci tsarin da ya kamata a bi, ta yadda zai iya zama da injiniyansa ya yi masa tambayoyin da suka dace. Jigon darasin kuwa ɗaya ne: kada rumbun bayanai ya fuskanci intanet ko kaɗan, kuma a tsara gidan bisa zaton cewa wata rana za a ci galaba a kan shafin.

Abubuwa Biyu Da Ke Bayan Kowane Shafi

Duk shafin da ake ciniki a kansa yana tsaye ne a kan abubuwa biyu. Na farko shi ne kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda masu sana'ar ke kira saba. A nan za mu kira ta kwamfutar shafi. Aikinta shi ne ta karɓi duk wanda ya zo, ta nuna masa kaya da farashi, ta ɗauki odarsa. Dole ne ta kasance inda kowa zai iya isa gare ta, daga Bukuru har birnin Sin, domin in ba haka ba babu ciniki.

Na biyu shi ne rumbun bayanai, inda ake ajiye sunaye da lambobin waya da adireshi da tarihin ciniki da abin da ake bin kowa. Mashahuran rumbuna su ne MySQL da PostgreSQL da Microsoft SQL Server da Oracle da MongoDB. Abokin ciniki ba shi da wata buƙata ta yin magana da rumbu kai tsaye. Kwamfutar shafi ce ke karɓar tambayarsa, ta shiga ta tambayi rumbu, ta kawo masa amsa.

Ke nan ɗaya rumfar kasuwa ce, ɗayan kuwa sito ne da littafin bashi. Idan aka lalata rumfa, ana iya sake ta cikin yini guda. Idan aka kwashe littafin bashi da sirrin abokan ciniki, shekaru goma ba sa mayar da amanar da ta zube. Kuskuren da aka fi yi a ƙananan kamfanoni shi ne a haɗa su biyun a kan kwamfuta ɗaya domin rage kuɗi, ko a raba su amma a bar kowannensu da adireshin da duniya ke gani.

Mece Ce Katangar Tsaro?

Sunan da Turawa suka ba wannan na'ura, wanda ma'aikatanmu ke furtawa fayawol, aro ne daga wurin magina. Asalinsa katanga ce mai kauri da ake ginawa tsakanin sassa biyu na gini domin idan wuta ta kama sashe ɗaya kada ta tsallaka zuwa ɗayan. Mutanen Jos ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan, domin sun ga abin da gobara ta yi wa babbar kasuwar Taminus a watan Fabrairun 2002. Katangar ba ta hana wuta tashi. Amfaninta shi ne ta tsayar da hasara a wuri ɗaya.

A fagen kwamfuta, katangar tsaro na'ura ce ko manhaja da ke zaune tsakanin hanyoyin sadarwa biyu tana duba duk saƙon da zai wuce. Abubuwa uku take dubawa: daga wane adireshi saƙon ya fito, wane adireshi ya nufa, kuma wace ƙofa yake ƙwanƙwasawa. Kowace kwamfuta tana da ƙofofi masu lamba har 65,535, kuma kowane aiki da ƙofarsa. Shafin intanet yana amsawa a ƙofa ta 80 da ta 443, ta biyun ita ce mai kulle saƙo kada a karanta shi a hanya. MySQL yana amsawa a ta 3306, PostgreSQL a ta 5432, SQL Server a ta 1433, Oracle a ta 1521, MongoDB kuwa a ta 27017. Ma'aikata masu sarrafa kwamfuta daga nesa suna shiga ta ƙofa ta 22 ko ta 3389.

Tun tsakiyar shekarun 1990 katangu suka iya tuna wanda ya fara magana. Idan na ciki ne ya aika tambaya, katanga tana barin amsarta ta dawo, amma idan na waje ne ya fara ƙwanƙwasawa ba tare da izini ba, sai ta yi masa shiru. Wannan ne ya sa ake iya yin ƙofa mai buɗewa ta fuska ɗaya, kuma a kan wannan dabara dukkan tsarin ya dogara.

Ƙa'idar farko ta rubuta dokokin katanga ita ce a rufe komai, sannan a buɗe abin da ciniki ke buƙata ɗaya bayan ɗaya, kowanne da dalilinsa a rubuce. Wanda ya buɗe komai yana nufin ya riƙa toshe abin da ya gano yana da haɗari, kullum yana bayan ɓarawo da taki ɗaya.

Tsarin Zaure

Wanda ya ziyarci gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke harabar gidan tarihi na Jos zai ga kwaikwayon ganuwar Kano. Magabata sun kewaye birni da ganuwa, sun sa sarkin ƙofa a kowace mashiga, amma duk da haka ba su bar gidajensu a buɗe ba don kawai akwai ganuwa. Kowane gida da zaurensa, bayan zaure akwai shigifa, sannan cikin gida. Baƙo yana tsayawa a zaure ya yi sallama, a aika yaro ciki ya kawo amsa. Magina kuma ba sa saita ƙofar zaure da ta ciki, don kada na waje ya hango tsakar gida.

Wannan shi ne tsarin da masana tsaro suka yarda da shi a duniya. Suna kiran zauren da suna DMZ, aro daga sunan zirin ƙasar da aka ware tsakanin Koriya ta Arewa da ta Kudu a shekarar 1953. Ana raba sadarwar kamfani zuwa sassa huɗu.

Sashe na farko shi ne waje, wato intanet, inda ba a yarda da kowa ba.

Sashe na biyu shi ne zaure, inda kwamfutar shafi ke zaune ita kaɗai, ko ita da 'yan'uwanta masu karɓar baƙi.

Sashe na uku shi ne cikin gida, inda rumbun bayanai yake. Ana ba shi adireshi na cikin gida, irin waɗanda ke farawa da 10 ko da 192.168, waɗanda aka keɓe domin amfanin ciki kuma ba sa tafiya a kan intanet.

Sashe na huɗu shi ne ofis, inda kwamfutocin akawu da magatakarda da wayoyin ma'aikata suke. Wannan sashe shi ne aka fi mantawa da shi, alhali ta nan ne ake buɗe wasiƙun yaudara.

Tsakanin kowane sashe da ɗan'uwansa akwai katanga. A manyan kamfanoni akan ƙara shigifa tsakanin zaure da cikin gida, wato kwamfuta ta tsakiya da ke yin lissafi da tantance oda, ta yadda kwamfutar shafi ba ta ma san adireshin rumbu ba.

Misali Daga Farin Gada

A ɗauka cewa wani dillali a kasuwar Farin Gada yana tara dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, da kabeji da karas, yana aika wa otal-otal a Abuja da Legas da Fatakwal. Ya buɗe shafi inda abokan ciniki ke ba da oda su ga abin da ake binsu. Dokokin katangarsa bai kamata su wuce waɗannan ba.

1. Daga intanet zuwa zaure: a buɗe ƙofa ta 443, da ta 80 domin ta tura mai zuwa ga ta 443, zuwa kwamfutar shafi kaɗai.

2. Daga zaure zuwa cikin gida: a buɗe ƙofa ɗaya tak, ta rumbun, misali 3306, daga adireshin kwamfutar shafi kaɗai zuwa adireshin rumbu kaɗai.

3. Daga intanet zuwa cikin gida: babu komai.

4. Daga zaure zuwa ofis: babu komai.

5. Daga zaure zuwa intanet: sai wuraren da aka lissafa da suna, kamar kamfanin da ke karɓa masa kuɗi da inda ake ɗauko sabunta manhaja.

6. Daga cikin gida zuwa intanet: babu komai, sai hanyar aika kwafin ajiya zuwa wuri ɗaya sananne.

7. Daga ofis zuwa cikin gida: akawu yana duba lissafi ta cikin shafin ma'aikata, ba ya taɓa rumbu kai tsaye.

8. Duk abin da ba a ambata ba: a hana, a kuma rubuta shi a rajista.

Da wannan tsari, idan mai kutse ya ci kwamfutar shafi, ya shiga zaure ne kawai. Ba zai iya leƙa kwamfutar akawu ba, ba zai iya kiran abokansa na waje su turo masa kayan aiki ba, kuma a gabansa ƙofa ɗaya ce ƙunƙuntacciya. Sai a ƙara ƙuntata ta daga ɓangaren rumbu: asusun da shafi ke shiga da shi a ba shi ikon karanta farashi da rubuta oda kaɗai, kada a ba shi ikon share tebur ko ƙirƙirar sabon asusu. Ɗan aike ba ya riƙe makullin sito.

Abin Da Ya Faru Ga Waɗanda Suka Bar Rumbu A Waje

Wani zai ce, ni ƙaramin ɗan kasuwa ne a Jos, wa ya san da ni? Amsar ita ce masu kutse ba sa zaɓen suna. Manhajoji ne ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofofi, kuma tun shekarar 2009 akwai shafin bincike mai suna Shodan wanda ke jera na'urorin da ke da ƙofofi a buɗe.

A ranar 25 ga Janairun 2003 wata tsutsar kwamfuta mai suna Slammer ta kama kwamfutoci kimanin 75,000 masu ɗauke da SQL Server, mafi yawansu cikin minti goma. Ta ƙofa ta 1434 ta shiga, ƙofar da babu dalilin barin ta a buɗe ga intanet, kuma kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka wata shida kafin ranar. A watan Janairun 2017 kuma aka bi rumbunan MongoDB fiye da 27,000 da aka bari a buɗe, aka share abin da ke cikinsu, aka bar takardar neman kuɗin fansa. Da yawa daga cikin waɗanda suka biya ba su sami komai ba, domin sharewa aka yi, ba a ajiye kwafi ba. Doka ta uku a cikin jerinmu ita kaɗai ta isa ta kare mutum daga waɗannan masifu biyu.

Darasin Equifax ya fi zurfi. Wannan kamfanin Amurka ne mai tattara bayanan bashin jama'a. A shekarar 2017 aka shiga ta wani shafinsa wanda ba a yi wa manhajarsa faci ba, ko da yake facin ya fito tun watan Maris. Rahoton kwamitin Majalisar Wakilan Amurka na Disambar 2018 ya nuna cewa shafin rumbuna uku kaɗai yake buƙata, amma saboda babu katanga a ciki, masu kutsen sun kai ga rumbuna 48. Sun tsinci fayil mai ɗauke da kalmomin sirri a fili, sun zauna kwana 76 suna kwasa, har suka ɗauki bayanan mutane kimanin miliyan 147. A shekarar 2019 kamfanin ya amince da biyan diyyar da za ta iya kaiwa Dala miliyan 700. Kamfanin yana da ganuwa, amma zaurensa a buɗe yake har ƙuryar ɗaki.

Ƙofar Fita

Yawancin masu kafa katanga suna mai da hankali ga mai shigowa su manta da mai fita. Alhali ɓarawo bai ci riba ba sai ya fita da kaya. A al'amarin Equifax, na'urar da ke duba saƙonnin da ke fita ta daina aiki wata 19 saboda takardar shaidarta ta ƙare ba a sabunta ba. Ranar da aka sabunta ta, a ranar aka ga ana kwasa.

Haka kuma a watan Disambar 2021 aka gano ɓaraka a wata ƙaramar manhaja mai suna Log4j da ke cikin dubban shafuka. Dabarar harin ita ce a yaudari kwamfutar shafi ta kira wata kwamfuta a waje ta ɗauko mugun umarni. Inda katanga ta hana kwamfutar shafi kiran waje, babbar hanyar harin ta toshe tun kafin a yi faci. Saboda haka doka ta biyar da ta shida ba ƙawa ba ce. Rumbun bayanai ba ya karanta jarida, ba ya aika wasiƙa, don haka ba shi da abin yi a intanet.

Ƙofar Ma'aikata

Injiniya yana buƙatar shiga ya gyara, sau da yawa daga gidansa ko daga wani gari. Hanya mafi sauƙi, kuma mafi haɗari, ita ce a buɗe masa ƙofa ta 22 ko ta 3389 ga duniya baki ɗaya. Waɗannan ƙofofi suna cikin waɗanda masu neman kuɗin fansa suka fi ƙwanƙwasawa. Abin da ya dace shi ne ya fara shiga ta rufaffiyar hanya da ake kira VPN, da kalmar sirri haɗe da lambar da ke zuwa wayarsa, ya sauka a kan kwamfuta ɗaya da aka keɓe domin gyara, daga nan ya wuce inda zai yi aiki. Kowane ma'aikaci da asusunsa, kuma ranar da ya bar aiki a ranar za a rufe shi.

'Yan kwangila ma haka. A ƙarshen shekarar 2013 aka sace bayanan katunan banki kimanin miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, kuma da asusun wani kamfanin gyaran na'urorin sanyaya wuri aka shiga. Mai otal da ya ba mai saka kyamarori hanyar shiga, ko mai makaranta da ya bar wayoyin baƙi a kan layi ɗaya da kwamfutar akawu, ya duba wannan da kyau. Layin baƙi da kyamarori su zama sashe dabam wanda ba ya ganin kowa sai intanet.

Katanga Ɗaya Ko Biyu?

Akwai hanyoyi biyu na gina wannan tsari. Ta farko ita ce na'ura ɗaya mai baki uku ko huɗu, kowane sashe da bakinsa. Tana da araha da sauƙin kulawa, kuma ta wadatar da ƙaramin kamfani. Aibinta shi ne kuskure ɗaya a cikin dokokinta yana iya buɗe gidan duka. Ta biyu ita ce katangu biyu, ɗaya a gaban zaure, ɗaya a bayansa. Ita ce ta dace da bankunan ƙananan rance da manyan asibitoci da duk mai riƙe da kuɗin jama'a. Akwai na'urorin Cisco da Fortinet da MikroTik a kasuwa, akwai kuma manhajoji irin su pfSense da OPNsense da ake ɗorawa a kan ƙaramar kwamfuta. Sunan na'ura ba shi ne tsaro ba, dokokin da aka rubuta a cikinta su ne.

Wanda ke ganin kuɗin ya yi yawa ya tuna da babban bankin Bangaladesh, wanda aka sace wa Dala miliyan 81 a watan Fabrairun 2016. Wani jami'in 'yan sandan ƙasar mai bincike ya shaida wa kamfanin dillancin labarai na Reuters cewa bankin ba shi da katangar tsaro, kuma da na'urorin haɗi na gwanjo na Dala 10 yake aiki.

Akwai kuma yanayin wurinmu. Katanga tana buƙatar batir da inbata kamar yadda kwamfutocin ke buƙata, da kariya daga tsawar damina. Idan ta ƙone ranar da ciniki ya yi zafi, abin da ma'aikaci zai yi shi ne ya zare waya ya haɗa kai tsaye don aiki ya ci gaba, kuma sau da yawa haɗin wucin gadi shi ne ke zama na dindindin. A ajiye kwafin dokokin katanga a wuri dabam, a kuma tanadi na'urar canji.

Wanda ya yi hayar kwamfuta a wurin manyan kamfanoni irin su Amazon ko Microsoft ko Google bai tsira daga wannan aiki ba. Kamfanin yana tsaron gininsa da na'urorinsa, amma buɗe ƙofa da rufe ta aikin ɗan haya ne. A can ma ana ware sashen fili da sashen ɓoye, kuma ma'ajiyar hotuna da takardu tana cikin abin da ake ɓoyewa. Ma'ajiyoyin da aka ambata a farkon wannan darasi na haya ne a wurin Amazon.

Abin Da Katanga Ba Ta Yi

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan tsari. Ƙofa ta 443 a buɗe take ga kowa, don haka mai kutse yana iya zuwa a matsayin abokin ciniki, ya rubuta umarnin rumbu a gurbin da ake rubuta suna. Idan an rubuta shafin da sakaci, kwamfutar shafi za ta ɗauki umarnin ta kai ciki da hannunta. Da wannan dabara aka kwashe bayanan mutane kimanin 157,000 daga kamfanin TalkTalk na Ingila a shekarar 2015, aka kuma ci shi tarar Fam 400,000. Maganin wannan yana hannun mai rubuta shafi, sai kuma wata katanga ta musamman mai karanta abin da ke cikin saƙo.

Haka nan katanga ba ta yin faci, ba ta hana ma'aikaci cin amana, kuma ba ta dawo da abin da aka share. Sai an haɗa ta da sabunta manhaja a kan lokaci, da kwafin ajiya wanda ba ya haɗe da sadarwar kamfani, da gwada dawo da shi lokaci-lokaci, da mutum mai suna wanda aikinsa ne duba rajista. Hanya mafi sauƙi kuma ta rage hasara ita ce kada a ajiye abin da ba a buƙata. Lambobin katin banki a bar su a hannun kamfanin biyan kuɗi mai lasisin Babban Bankin Nijeriya.

Matsayin Doka

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, dole ne a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ta sauran kuwa Naira miliyan 2 ce ko kashi 2 cikin 100. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, bayan gyaran da aka yi mata a 2024, ita ma ta wajabta kai rahoton kutse cikin sa'o'i 72. Bugu da ƙari, ƙa'idojin PCI DSS na kamfanonin katunan banki sun hana a ajiye bayanan kati a inda intanet ke isa kai tsaye. Mai zanen tsari a rubuce da rajistar katanga yana da abin nunawa ranar da hukuma ta tambaya.

Tambayoyi Bakwai Ga Injiniya

Mai dukiya ba sai ya iya rubuta dokar katanga ba, kamar yadda mai gida ba sai ya iya ɗora bulo ba. Amma ya kira wanda ya yi masa shafi, ko a Jos yake ko a wani gari, ya yi masa waɗannan tambayoyi, ya kuma nemi amsa a rubuce.

1. Shafi da rumbu a kan kwamfuta ɗaya suke ko an raba su?

2. Rumbun yana da adireshin da ake gani daga intanet?

3. Waɗanne ƙofofi ne a buɗe ga duniya, kuma mene ne dalilin kowace?

4. Idan aka ci kwamfutar shafi yau da dare, me kuma za a iya kaiwa gare shi?

5. Ina kwamfutar shafi da rumbu ke da izinin kira a waje?

6. Su wa ke da hanyar shiga daga nesa, kuma akwai wanda ya bar aiki a cikinsu?

7. Yaushe aka gwada dawo da kwafin ajiya, kuma awa nawa ya ɗauka?

Injiniyan da ya san aikinsa zai zana amsar tambaya ta huɗu a kan takarda ɗaya cikin 'yan mintoci. Idan amsar ta zama “komai”, to aikin bai ƙare ba, ko da an biya kuɗinsa. A maimaita wannan zama duk bayan wata shida, da duk lokacin da aka ƙara sabon aiki a shafi ko aka sauya ɗan kwangila, domin ƙofar da aka buɗe don gwajin yini ɗaya ita ce aka fi mantawa da ita. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma duba bango aikin mai gida ne.